Samuel Coleridge-Taylor (1875–1912): Shahara, Goyo da Neman Abin Masarufi a Fagen Rubutaccen Kiɗan Turai

Tsakure

An bibiyi rayuwar Samuel Coleridge-Taylor, matsarin kiɗa haifaffen Landan wanda mahaifinsa mutumin Saliyo ne, tare da mayar da hankali ga shekarun 1898 zuwa 1904, lokacin da ya yi suna, ya yi aure, ya sami 'ya'ya biyu. An nuna yadda sayar da haƙƙin mallakar aikinsa mafi shahara a kan fam 15 da sule 15, haɗe da rashin ubangida da rashin tsayayyen albashi, suka sa shi tara ayyuka barkatai domin riƙe gida, har ya rasu yana ɗan shekara 37. An kuma auna halin da ya shiga da tsarin ubangida da aka sani a wajen makaɗan fada na ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

A ranar 13 ga Oktoba 1900 aka yi haihuwa a gidan wani matashin makaɗi a yankin Croydon, kudu da birnin Landan. Uban jaririn yana da shekara 25, kuma a lokacin yana cikin waɗanda aka fi rera ayyukansu a Ingila. Kwanaki kaɗan kafin haihuwar an gabatar da babban aikinsa a bikin kiɗa na Birmingham, ya kuma sami karɓuwa. Aka raɗa wa yaron suna Hiawatha, wato sunan aikin da ya ɗaukaka mahaifinsa. Sai dai kashin farko na wannan aiki, wanda ya fi sauran kasuwa, ya riga ya fita daga hannun mai shi tun shekara biyu da suka gabata. An biya shi kuɗinsa sau ɗaya, magana ta ƙare.

Abin da ake nufi da rubutaccen kiɗan Turai shi ne kiɗan da ake koyo a makaranta, a tsara shi a takarda da alamomi na musamman, sannan wasu makaɗa da mawaƙa dabam su karanta su aiwatar, ko da wanda ya tsara ba ya wurin, ko ma ya daɗe da barin duniya. Wannan siffa tana raba kiɗa da mai shi. Da zarar an rubuta, takardar ta zama haja, ana iya sayen ta, a buga ta, a ci ribarta ba tare da an sake waiwayar wanda ya sha wahalar ƙirƙirar ta ba. Rayuwar Coleridge-Taylor, musamman shekarun da yake da goyo a gida, ta nuna abin da wannan rabuwa take jawo wa magidanci.

2.0 Asali da Tasowa

An haife shi a unguwar Holborn ta birnin Landan ranar 15 ga Agusta 1875. Mahaifinsa, Daniel Peter Hughes Taylor, mutumin Freetown ne daga al'ummar Kiriyo, zuriyar 'yantattun bayin da aka zaunar a Saliyo. Su ne mutanen da aka sani da Saro a Nijeriya, waɗanda aikin akawu da ciniki ya kai wasunsu har Sabon Garin Kano bayan isowar jirgin ƙasa. Daniel Taylor ya karanta likitanci a King's College da ke Landan, ya koma Afirka ta Yamma kafin a haifi yaron. Daga baya ya riƙe muƙamin jami'in binciken musabbabin mutuwa a Gambiya, ya rasu a Bathurst, wato Banjul ta yanzu, a 1904. Uba da ɗa ba su taɓa haɗuwa ba.

Mahaifiyarsa, Alice Hare Martin, Baturiyar Ingila ce, kuma babu aure tsakaninta da likitan. Ta sa wa ɗanta sunan marubucin waƙoƙin nan na Ingila, Samuel Taylor Coleridge. Iyalin suka koma Croydon, inda yaron ya tashi a hannun mahaifiyarsa da kakansa Benjamin Holmans, maƙeri mai sanya wa dawaki takalman ƙarfe, sannan a gidan mijin mahaifiyarsa George Evans, ma'aikacin jirgin ƙasa. Gida ne na talakawa masu cin guminsu, babu gado, babu dukiyar da za a jingina da ita in rana ta ɓaci.

Kakansa yana kaɗa gogen Turawa, kuma a wajensa yaron ya fara taɓa wannan kayan kiɗa. Daga nan wani malamin goge mai suna Joseph Beckwith ya karɓe shi. Ya kuma shiga ƙungiyar mawaƙan wata majami'a a Croydon, inda shugaban ƙungiyar, Kanar Herbert Walters, ya lura da baiwarsa ya ɗauki nauyin ci gabansa. Walters ne ya tsaya masa har ya shiga makarantar kiɗa ta Royal College of Music a 1890, yana da shekara 15. Wannan ne abu mafi kusa da ubangida da Coleridge-Taylor ya taɓa samu, kuma taimakon ya tsaya ne a kan karatu.

3.0 Karatu da Fitowa

Ya fara da goge, sannan ya koma ɓangaren tsara kiɗa a ƙarƙashin Charles Villiers Stanford, ɗaya daga cikin manyan malaman zamanin. A 1893 ya ci gurbin karatu kyauta. Cikin waɗanda suka yi zamani da shi a makarantar akwai Gustav Holst da Ralph Vaughan Williams, waɗanda daga baya suka zama jigogin kiɗan Ingila, da kuma amininsa William Hurlstone. Tun yana da shekara 16 kamfanin ɗab'i na Novello ya fara buga ƙananan waƙoƙin ibada da ya tsara. A 1895 ya rubuta wani kiɗa na mutum biyar wanda algaitar Turawa da ake kira kilarinet ke jagoranta, aikin da ya burge malaminsa har ya kai shi Jamus ya nuna wa manyan makaɗan can. Tasirin Antonín Dvořák, wanda ya yi fice wajen gina manyan ayyuka a kan karin waƙoƙin gargajiya, a bayyane yake a ayyukansa na wannan lokaci.

Ya bar makaranta a 1897, ya fara neman abinci da koyar da goge da jagorancin ƙananan ƙungiyoyin makaɗa a Croydon. A daidai wannan lokaci ya haɗu da Paul Laurence Dunbar, baƙar fatar Amurka marubucin waƙoƙi, wanda ya zo Landan. Ya sanya wa wasu waƙoƙin Dunbar kiɗa, kuma wannan haɗuwa ta ƙara masa sha'awar asalinsa na Afirka.

Ƙofa ta buɗe masa a 1898. Masu shirya bikin kiɗa na Gloucester sun nemi Edward Elgar ya tsara musu sabon aiki, shi kuwa ayyuka sun yi masa yawa, sai ya ba su shawarar su nemi wannan matashi. August Jaeger, ma'aikacin Novello kuma abokin Elgar, shi ne ya ja hankalinsa ga yaron tun farko. A watan Satumba aka gabatar da kiɗan, Coleridge-Taylor da kansa ya jagoranci makaɗan, jaridu suka yaba.

4.0 Hiawatha da Cinikin Fam 15 da Sule 15

Wata biyu bayan Gloucester, ranar 11 ga Nuwamba 1898, Stanford ya jagoranci gabatar da Hiawatha's Wedding Feast a zauren Royal College of Music. Aiki ne na babbar ƙungiyar mawaƙa da makaɗa, an gina shi a kan wani yanki na doguwar waƙar da Henry Wadsworth Longfellow na Amurka ya wallafa a 1855, mai ba da labarin wani gwarzo daga cikin 'yan asalin nahiyar Amurka. Zauren ya cika har aka mayar da mutane. Arthur Sullivan, wanda ke fama da ciwo a lokacin, sai da ya halarta.

Domin a gane girman abin da ya biyo baya, sai an san yadda kasuwar take. A Ingila ta wancan zamani kusan kowane gari yana da ƙungiyar mawaƙa ta 'yan sa-kai: ma'aikatan masaƙa, malaman makaranta, 'yan kasuwa, matan gida. Duk ƙungiyar da za ta rera wani aiki, dole ta saya wa mambobinta kwafin takardar. Saboda haka ribar rubutaccen kiɗa tana cikin sayar da kwafi, kuma kamfanin ɗab'i ne ke riƙe da bakin wannan rijiya. Hiawatha ya dace da waɗannan ƙungiyoyi, don yana da daɗin kari kuma bai fi ƙarfin wanda ba gwani ba. Kafin Yaƙin Duniya na Farko an sayar da kwafi sama da 100,000, har ana jera shi da Messiah na Handel da Elijah na Mendelssohn wajen yawan rerawa.

Tun kafin a gabatar da aikin, Coleridge-Taylor ya sayar wa Novello da haƙƙin mallakarsa baki ɗaya a kan gini 15. Gini ɗaya fam ɗaya ne da sule ɗaya, wato jimla fam 15 da sule 15. Babu sharaɗin a riƙa ba shi kaso daga kowane kwafi. Irin wannan ciniki shi ne al'ada ga matashin da bai yi suna ba, domin kamfani ne ke ɗaukar kasadar bugawa. Elgar ma ya sayar da ɗan gajeren kiɗansa Salut d'Amour a kan gini biyu, kiɗan da ya zaga duniya daga baya. Amma ga wanda ba shi da komai sai alƙalaminsa, cinikin ya yi kama da na manomin da ya sayar da gona a kan kuɗin dami ɗaya, ya koma yana kallon wani yana girbe ta kowace kaka.

Aka nemi ya ci gaba da labarin. Kashi na biyu, The Death of Minnehaha, ya fito a Hanley a watan Oktoba 1899. Na uku, Hiawatha's Departure, an gabatar da shi tare da sauran biyun a babban zauren Royal Albert Hall ranar 22 ga Maris 1900.

5.0 Aure da Haihuwa

Tsakanin kashi na biyu da na uku ya yi aure. Amaryar, Jessie Walmisley, ta yi karatu a makarantar da ya yi, ta kuma girme shi da shekara shida. Iyayenta masu rufin asiri ne, kuma sun ƙi auren saboda launin fatar angon. Sai daf da lokaci suka sauko. Aka ɗaura aure ranar 30 ga Disamba 1899 a majami'ar Holy Trinity da ke Selhurst. Suka zauna a gida mai lamba 30 a titin Dagnall Park, gidan da a 1975 aka manna wa allon tunawa da shi.

Auren da aka yi a kan ƙin iyaye yakan ɗora wa miji wani nauyi na daban. Sai ya nuna wa surukai cewa 'yarsu ba ta faɗi ƙasa ba, ya riƙe gida a matakin da ta saba. A al'adar masu matsakaicin hali na Ingila a lokacin, matar aure ba ta cika fita neman kuɗi ba, don haka duk abin da gida zai ci daga hannu ɗaya zai fito. Hannun nan kuwa ba shi da albashin wata.

Shekarar 1900 ta zo masa da abubuwa a jere. A watan Maris aka yi taron Albert Hall. Daga 23 zuwa 25 ga Yuli, matarsa na ɗauke da ciki, ya halarci taron farko na haɗin kan baƙar fata na duniya wanda Henry Sylvester Williams ɗan Trinidad ya shirya a Westminster, inda ya san W. E. B. Du Bois. A farkon Oktoba aka rera Hiawatha a Birmingham, a bikin da aka fara gabatar da The Dream of Gerontius na Elgar, wanda ya gamu da cikas saboda ƙarancin shiri. Ranar 13 ga wata aka haifi ɗansa. Ranar 31 ga watan, jariri na da kwana 18, aka buɗe wasan kwaikwayon Herod a gidan wasa na Her Majesty's a ƙarƙashin Herbert Beerbohm Tree, kuma Coleridge-Taylor ne ya tsara kiɗan da ke rakiyar wasan. Ke nan makonnin ƙarshe na cikin da na farkon jego sun zo daidai da lokacin da ake jiran ya miƙa aiki ga gidan wasan da ba ya ɗage ranar buɗewa.

Sana'ar tsara kiɗa a gida ake yin ta, a gaban fiyano da teburin rubutu, kuma tana son shiru na sa'o'i masu tsawo. Babban aiki yakan ci watanni kafin a ga kwabo. Jariri kuwa buƙatunsa na yau ne: madara, sutura, gawayin ɗumama ɗaki, kuɗin likita. A 1900 babu wani tsarin inshorar gwamnati ga mai jego ko marar lafiya a Ingila. Sai a dokar inshora ta 1911 aka tanadi sule 30 na haihuwa, shi ma domin ma'aikata masu karɓar lada aka yi shi. Ranar 8 ga Maris 1903 aka haifi ɗiyarsa Gwendolen, wadda daga baya ta zaɓi a riƙa kiran ta Avril. Baki ya zama huɗu, kuma iyalin sun sauya gida sau da dama a kewayen Croydon.

6.0 Tara Ayyuka

Jerin muƙaman da ya karɓa bayan haihuwar ɗansa na fari ya isa shaida a kan halin da gidan yake ciki. Daga 1901 zuwa 1904 shi ne jagoran bikin kiɗa na Westmorland a arewacin Ingila, tafiyar mil sama da 200 daga Landan. Daga 1902 zuwa 1907 ya jagoranci ƙungiyar mawaƙan Rochester. A 1903, shekarar da aka haifi Gwendolen, ya fara koyar da tsara kiɗa a Trinity College of Music. A 1904 ya zama jagoran Handel Society ta Landan, muƙamin da ya riƙe har rasuwarsa. Ya koyar a makarantar kiɗa ta Crystal Palace, sannan a 1910 ya ƙara da Guildhall School of Music. Ban da waɗannan, yana zuwa alƙalancin gasar waƙa a garuruwa, har da bukukuwan gargajiya na Wales, yana kuma amsa gayyatar duk ƙungiyar da ke son ya zo ya jagoranci Hiawatha da kansa. A nan kaɗai aikin yake sake kawo masa kuɗi, wato ladan tsayuwa a gaban mawaƙa na dare ɗaya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya isa riƙe gida shi kaɗai. Yawancinsu ana biya ne gwargwadon darasi ko zama, kuma kowanne yana cin kwana a jirgin ƙasa. Lokacin rubutu ya zama abin da ya rage bayan an sallami ɗalibai an dawo daga tafiya.

Hakan ya bar tabo a ayyukansa. Manyan bukukuwa sun ci gaba da ba shi kwangila, shi kuma ba ya da halin cewa a'a. Ya ba Leeds The Blind Girl of Castél-Cuillé a 1901, ya ba Sheffield Meg Blane a 1902, ya ba Hereford The Atonement a 1903. Babu wanda ya kama ƙafar Hiawatha, kuma masu sharhi sun yi ta cewa yana gaggawa, ba ya tsayawa zaɓen matanin da ya dace. Sha'awar da Elgar da Jaeger suke yi masa ta yi sanyi. Ya kuma rubuta gajerun kiɗe-kiɗe masu yawa na fiyano da goge da waƙoƙin falo, irin waɗanda maɗaba'a ke saye nan take. Ya ci gaba da yi wa Tree kiɗan wasanni: Ulysses a 1902, Nero a 1906, Faust a 1908. Aikin da ya yi don son ransa, wasan kwaikwayo na waƙa mai suna Thelma wanda ya rubuta tsakanin 1907 da 1909, bai sami mai ɗauka ba. Sai a 2012 aka fara gabatar da shi a Croydon, bayan an gano rubutun a ɗakin karatu na British Library.

A ayyukansa na baya ya koyi darasi, ya riƙa neman kaso maimakon sayarwa baki ɗaya. Amma sa'a irin ta Hiawatha ba ta cika zuwa wa mutum sau biyu ba.

Akwai kuma nauyin da launin fata ya ƙara wa gidan. Avril ta ba da labari a littafin da ta wallafa a 1979 cewa idan suna tafiya a titi samari suka fara jifan mahaifinta da maganganu a kan launinsa, takan ji ya ƙara damƙe hannunta har ya kusa yi mata ciwo. A farkon 1912 ya rubuta wa wata jaridar Croydon wasiƙa yana mayar da martani ga masu ƙasƙantar da baƙar fata.

7.0 Amurka da Kiran Afirka

Inda aka fi girmama shi shi ne wajen baƙar fatar Amurka. A 1901 suka kafa ƙungiyar mawaƙa a Washington suka sa mata sunansa. Ya ziyarce su a ƙarshen 1904, ya bar matarsa da yaro ɗan shekara huɗu da yarinyar da ba ta cika biyu ba. Ya jagoranci ƙungiyar tare da makaɗan sojan ruwan Amurka, Shugaba Theodore Roosevelt kuma ya karɓe shi a fadarsa. Ya koma a 1906 da 1910. A zuwan ƙarshe ya jagoranci ƙwararrun makaɗa fararen fata a bikin Norfolk da ke jihar Connecticut, har suka kwatanta shi da Gustav Mahler.

A 1905 wani kamfani a Boston ya buga Twenty-Four Negro Melodies, inda ya ɗauki karin waƙoƙi 24 daga Afirka da tsibiran Karibiyan da Amurka ya gina musu kiɗan fiyano, Booker T. Washington ya rubuta gabatarwa. Manufarsa ita ce ya yi wa waƙoƙin baƙar fata hidimar da Dvořák da Brahms da Grieg suka yi wa na mutanensu. A 1906 ya biyo da Symphonic Variations on an African Air. Duk da haka bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. A shekararsa ta ƙarshe ya mara wa mujallar African Times and Orient Review baya, wadda Duse Mohamed Ali ya kafa a Landan a 1912. Wannan Duse shi ne ya koma Legas daga baya ya kafa jaridar Comet, wadda bayan ta koma hannun Nnamdi Azikiwe aka mayar da ita Kano.

8.0 Rasuwa da Abin da Ya Biyo Baya

A watan Yuni 1912 Maud Powell ta gabatar da babban kiɗan gogen da ya rubuta mata a Norfolk, shi kuwa yana Ingila yana fama da ayyuka. Ranar 28 ga Agusta ya yanke jiki ya faɗi a tashar jirgin ƙasa ta West Croydon. Ciwon huhu ne. Ya rasu a gidansa da ke titin St Leonards ranar 1 ga Satumba 1912, aka binne shi a maƙabartar Bandon Hill. Hiawatha yana da shekara 11, Gwendolen tana da 9. Da yawa daga cikin waɗanda suka rubuta tarihinsa suna ganin yawan aiki ne ya raunana jikinsa har ciwon ya yi galaba.

Da labari ya bazu cewa iyalin wanda ya tsara Hiawatha ba su da kaso a cikinsa, sai mahawara ta tashi a jaridu. Aka shirya taron kiɗa na tunawa da shi a Albert Hall aka tara wa iyalin sama da fam 1,400. Sarki George na Biyar ya yanka wa matarsa fanshon fam 100 a shekara. A 1914 aka kafa Performing Right Society, ƙungiyar da ke karɓar wa matsara kiɗa lada a duk lokacin da aka aiwatar da aikinsu a bainar jama'a, kuma ana lissafa halin da iyalinsa suka shiga cikin dalilan da suka ƙarfafa kafa ta. Daga 1924 zuwa 1939 kusan kowace shekara ana cika Albert Hall da wasan Hiawatha, da ɗaruruwan mawaƙa cikin shigar wasa.

Jessie ta rayu har 1962. 'Ya'yan biyu duk sun bi sawun mahaifinsu. Hiawatha ya yi aikin jagorancin makaɗa, ya rasu a 1980. Avril ta tsara kiɗa ta kuma jagoranci ƙungiyoyi. Ta koma Afirka ta Kudu a 1952, amma da aka gane tana da jinin baƙar fata sai ƙofofin aiki suka rufe mata a ƙarƙashin mulkin wariya. Ta rasu a 1998.

9.0 Awo da Makaɗan Fada na Ƙasar Hausa

Mai nazarin kiɗan Hausa zai lura da cewa abin da Coleridge-Taylor ya rasa shi ne ginshiƙin rayuwar makaɗin fada. Ibrahim Narambaɗa yana da Sarkin Gobir na Isa. Salihu Jankiɗi yana da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Musa Ɗanƙwairo ya gaji kiɗa daga mahaifinsa Usman Ɗankwanda a fadar Maradun, ya gaji ubangida tare da sana'ar. A wannan tsari ubangida ne ke da alhakin ci da sutura da muhalli da abin hawa, kuma idan aka yi wa makaɗi haihuwa ko aure ya taso, hidimar takan zama ta fada. Makaɗi kan biya wannan da 'yancinsa, domin bakinsa na ubangidansa ne, kuma sauyin sarauta na iya sauya arzikinsa dare ɗaya.

Turai ma ta san wannan tsari. Joseph Haydn ya yi kusan shekara 30 yana hidima a gidan sarautar Esterházy. Mozart ya bar hidimar babban limamin Salzburg a 1781 ya koma cin gashin kansa a Vienna, ya yi aure a 1782, aka haifa masa 'ya'ya shida biyu suka rayu, ya rasu a 1791 da bashi a kansa. Kafin zamanin Coleridge-Taylor fada ta janye hannunta daga ciyar da makaɗa, dokar da za ta tabbatar musu da kaso kuma ba ta yi ƙarfi ba. A wannan rata ya yi aure ya haihu.

Bambanci na biyu ya shafi mallakar waƙa. Makaɗin baka yana tafe da waƙarsa a ƙirji, duk mai son jin ta sai ya kira shi ya yi masa kyauta. Rubutu ne ya fara raba makaɗin Turai da wannan kariya. A ƙasar Hausa faifai da kaset suka yi wannan aiki, sannan wayar hannu da intanet. Mawaƙin da ya shiga ɗakin ɗaukar sauti a Kano ya sayar wa mai shirya fim ko ɗan kasuwa waƙarsa a kan kuɗi hannu, saboda ana jiran ragon suna ko kuɗin haya, cinikin 1898 yake maimaitawa. Nijeriya ta yi dokar haƙƙin mallaka a 1988, sannan sabuwar da aka sanya wa hannu a 2023 ta maye gurbinta, amma doka ba ta warware cinikin da mutum ya ƙulla da hannunsa.

10.0 Kammalawa

Samuel Coleridge-Taylor ya yi shekara 15 kacal a fagen sana'a bayan barin makaranta, 12 daga ciki yana da 'ya'ya a gabansa. A wannan ɗan lokaci ya bar ayyuka masu lamba sama da 80, ya zama abin alfahari ga baƙar fata a nahiyoyi uku. Tarihin gidansa ya nuna cewa yawan ayyukan nan da ingancinsu da ma tsawon kwanan mai su duk suna da alaƙa da tambayar wa ke riƙe da haƙƙin takarda ɗaya da aka sayar kafin aure. Duk nazarin rayuwar makaɗi, na fada ne ko na kasuwa, na baka ko na rubutu, zai ƙara cika idan aka binciki wanda ke ciyar da gidansa a shekarun goyo, da abin da ya bayar kafin a ciyar da shi.